Baba Ya Koma Makaranta

3 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da jikata. Yaya aiki? Mu nan mun gode Allah. Ƙafata ta dama ce dai take min tsiya da safe, sai rana ta ɗaga muke shiryawa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Gwaggonka ce ta ƙetaren titi, mai keken ɗinki. Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta, tunda kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma a duk garin nan yanzu ni kaɗai ce jinin babanka. Waya kuwa ba ta da amfani a wurina. Kunnen ya tafi, kana magana ina jin kamar ana zuba ruwa a bokiti.

Maganar babanka, Yaya Hedimasta, ce ta sa na ɗauki biro. Idan kun yi waya yana ce maka lafiya lau, muryarsa kuma ba ta canza ba, shi ya sa ba ka gane ba. Makon jiya ya ɗora buta a wuta ya fita. Ƙauri ne ya kai ni gidan, na tarar hannun butar ya narke yana ɗiga. Shi kuma na same shi a tashar bas ta bakin kanti, ya sa kwat ɗinsa, yana riƙe da jaka babu komai a ciki. Bas ɗin nan shekara biyu ke nan da daina zuwa, don babu masu hawa. Na ce, "Yaya, ina za ka?" Ya ce, "Taron malamai. Kada ki ɓata min lokaci." Da ƙyar na lallaɓo shi gida.

Ni nake dafa masa, ni nake wanki, ni nake ba shi magani. Ba ƙorafi nake ba. Amma shekarata sittin da tara, shi tamanin da ɗaya, kuma in na ce bari in nemi mai jini a jika ya taya ni, a ina zan samo shi? Gida goma sha huɗu ne a layinmu. Biyar a kulle suke, sauran duk masu furfura ne a ciki. Mai kanti ne ƙaraminmu, shi ma da jikokinsa. A da kayan jarirai nake ɗinkawa har ba na samun lokacin cin abinci. Yanzu sai dai a kawo min wando in rage ƙugu.

Ka zo ka gan shi da idonka. Rabonka da mu shekara huɗu.

Gwaggonka

19 ga Maris

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da kyau, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Muna nan lafiya, jikarki tana gaishe ki, ta shiga aji na biyu a babbar sakandare.

Takardarki na karanta ta sau uku a cikin bas kafin lokacin tashina ya yi. Wallahi ban san abin ya kai haka ba.

Gwaggo, ba ƙin zuwa nake ba. A garejinmu bara direbobi tara suka yi ritaya, biyu kawai aka samu suka maye gurbi. Ni da nake jan layi ɗaya, yanzu biyu nake ja. An kuma ƙara mana shekarun aiki, wai masu karɓar fansho sun fi masu aiki saurin ƙaruwa. Fasinjojina ma sun canza. Da can da safe 'yan makaranta ke cika min mota da surutu, yanzu kusan kowace tasha sai na sauko na kama hannun wani na hawar da shi.

A gida kuma surukata tana wurinmu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ɗaki biyu ne da mu a hawa na biyar. Ita ke ɗakin yarinya, yarinya tana kwana a falo, littattafanta a ƙarƙashin kujera.

Kin tuna yadda kike tsokanata, wai ni ne ɗan fari kuma ni ne auta? Lokacin dariya nake yi. Baba da marigayiya mahaifiyata sun ce ɗaya ya ishe su, su ba shi ilimi mai kyau. Ni ma da na ga tsadar haya na bi sahunsu. Yanzu ga shi babu wa ko ƙanin da zan ce da shi, kai je ka wannan karon.

Na nemi hutu, sun ba ni makonni biyu a watan Yuni. Kafin nan don Allah ki ɓoye ashana, ki rufe tukunyar gas, ki kuma nemo wata mata da za ta riƙa zama da shi da rana. Allah ya saka miki.

Ɗanki, Auta

20 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kowa lafiya, yaya jikin surukarka? Ni ƙuguna ne ya sa ni gaba kwanan nan, zama ma da wuya, don haka ba zan tsawaita ba.

Matar da ka ce in nemo ban samu ba. Amma Allah ya kawo mafita: Yaya ya koma makaranta ranar Litinin. Ajinsa na da aka ba shi, mai tagar da ke kallon bishiya. Na yi zaton zai yi gardama, sai ga shi ya shiga kamar jiya ya bar wurin. Yana cin abinci sosai, da safe har kiran suna yake yi.

Sai ka zo a Yuni mu yi magana.

Gwaggonka

2 ga Mayu

Gwaggo,

Barka da war haka. Yaya ƙugun? Ki rage zaman keke. Mu duk lafiya lau.

Kai, Gwaggo, kin faranta min rai! Na karanta wa matata, har ta ce ta daɗe ba ta ga haƙorana a waje haka ba. Dama ni na faɗa mata, zaman banza ne ke damun Baba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a gaban allo, ka ajiye shi tsakanin bango huɗu, ai dole kansa ya juya. Mu ma nan ana dawo da tsofaffin ma'aikata saboda ƙarancin hannu, ashe har da malamai. Na kira wayarsa sau biyu ba ta shiga ba, na ce ai malami ba ya ɗaukar waya a aji.

Tunda hankalina ya kwanta, akwai abin da na yi. Wani abokin aikina za a yi wa matarsa tiyata a Yuni, ba shi da kowa. Na bar masa hutuna, ni zan karɓi nasa a ƙarshen shekara. Na san za ki ce na kyauta.

Ga ƙunshi nan na haɗo da takardar: jan biro dozin ɗaya, irin wanda yake so na gyaran aikin yara, da kwalin alli, da takalmi baƙi mai taushi saboda tsayuwa. Ki ce masa kada ya takura wa yara da yawa.

Ɗanki, Auta

11 ga Yuni

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jikina da sauƙi.

Sai jiya takardarka da ƙunshinka suka zo hannuna. Mai raba wasiƙunmu ya yi ritaya, ba a kawo wani ba, yanzu mota ce ke zuwa sau biyu a wata, wani zuwan ma ta tsallake mu. Da na buɗe na ga jan biro da alli, sai na gane abin da ya faru.

Auta, ba ka gane ni ba, kuma laifina ne. Na ɗauka ka sani. Babu makaranta a garin nan. Shekara uku ke nan da rufe ta, lokacin yara goma sha ɗaya suka rage a aji shida. Hukuma ta kwashe bencina ta zuba gadaje, ta mai da wurin gidan kula da tsofaffi. Mu dai bakinmu ya saba, har yau makaranta muke ce masa. Idan aka ce wane ya koma makaranta, kowa a nan ya san abin da ake nufi.

Ga yadda aka yi. Wata Alhamis da hantsi Yaya ya zame a banɗaki. Na kama shi ta hammata na ja, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna, muka zube tare. Haka muka zauna a kan tayil mai sanyi, shi babu riga, ni na kasa tashi. Na yi kira har muryata ta dushe. Maƙwabciyar hagu ta fi ni kurumta, gidan dama a kulle yake. Yaya yana ta tambayata me ya sa muke zaune a nan. Sai wajen la'asar mai kanti ya lura ban zo karɓar burodi ba, ya biyo sawu.

Gado shida ne a ajin nasa. Ba a cire allon ba. Da safe yakan tsaya a gabansa ya kira sunayen yaran da ya koyar tun yana saurayi. Biyu daga cikin masu kwana a ɗakin ɗalibansa ne na farko, sun haura saba'in, kuma suna amsawa.

Takalmin ya yi masa. Biron na ajiye a wurina.

Gwaggonka

24 ga Yuni

Gwaggo,

Na gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau.

Ban san ta inda zan fara ba. Wata biyu ke nan ubana yana kwance a gidan da ake ajiye waɗanda ba su da kowa, ni ina nan ina ba abokan aiki labarin wai ya koma koyarwa! Har barka suka yi min.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma wa ya ba ki izini? Baba yana da ɗa. Ban mutu ba, ban ɓata ba. Abu irin wannan ai sai a jira ni, ko a sa wani ya kira ni, ba a dunƙule shi cikin layi biyu kamar labarin an canza masa labule ba. Da kin rubuta min gaskiya ɓaro-ɓaro da ban ba da hutuna ba, da yanzu ina nan wurinku. Mutumin da garin nan kaf ya bi ta hannunsa, a ce baƙi ne ke cire masa wando?

Na shiga ofishin manaja na ce ko a ba ni kwana uku ko in ajiye musu makulli. Ya ce in jira a samu wanda zai riƙe layina. Da zarar an samu zan zo in ɗauke shi.

Auta

15 ga Yuli

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan zuciyarka ta sauka. Ka gaida mutanen gida. Ni ina nan yadda ka sani.

Ka tambayi wanda ya ba ni izini. Babu kowa. Mai kanti ya kira lambarka sau uku a ranar da aka ce an samu gado, kana tuƙi, ba ka ɗauka ba. Ma'aikaciyar gidan ta ce mutum arba'in ke jiran gado, wannan ma ya samu ne don mai shi ya rasu ranar Asabar, aka sa Yaya gaba saboda halin da muke ciki, in ban karɓa zuwa Litinin ba za a ba na gaba. Ta ce, "Ina ɗansa?" Na ce yana hanya. Na sa hannu ina dafe da tebur saboda ƙugu.

Ka zo ka ɗauke shi, ubanka ne. Amma bari in gaya maka abin da za ka ɗauka. Ba ya riƙe fitsari. Ba ya yarda a yi masa wanka sai an lallashe shi kusan awa guda, wani lokaci ya kai duka, ya taɓa fasa min leɓe bai san ya yi ba. Idan ka juya baya zai buɗe ƙofa ya fita. A hawa na biyar ɗin naku, wane ɗaki za ka sa shi? Wa zai zauna da shi kana bakin sitiyari, matarka tana juya uwarta?

Shekara biyu na yi ina wannan aikin ban rubuta maka ba, don kada in ɗaga maka hankali. Wataƙila nan ne na yi kuskure. Ka ce baƙi ne ke cire masa wando. Kafin su, ni ce nake yi, ni da nake jin kunyar haɗa ido da shi tun ina budurwa. Nakan rufe idona in yi.

Kullum ina zuwa wurinsa da ƙafa, tafiyar da nake yi a minti goma yanzu tana cin min rabin awa. Ban jefar da shi ba.

Gwaggonka

30 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, na same su lafiya. Yaya gajiyar baƙo? Yaya ƙugun?

Kwana ukun da na yi a wurinku na kasa buɗe baki in faɗa miki abin da ke raina, shi ya sa nake rubutawa. Ki yafe min. Takardar nan tawa ta Yuni, in tana nan, ki ƙona ta.

Ranar farko da kika tsaya a baranda kika ce in shiga ni kaɗai, ban gaya miki yadda muka yi ba. Na same shi a bakin gado, ya sa kwat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai uban wane ne?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya ce, "Iyayen yara sai an tashi." Na ce zan jira. Na roƙi reza a wurin ma'aikaciya na yi masa aski, ya ba da haɓa kamar a shagon wanzami. Ina cikin yi sai ya ce, "Kana da hannu mai kyau. Ni ma ina da yaro ɗaya, direba ne a birni. Yana da ƙoƙari. Ba ya samun zuwa, aiki ya yi masa yawa." Gwaggo, sai da na ajiye rezar.

Na ƙirga, mutum talatin da ɗaya ne a gidan, ma'aikata biyu ke aiki a lokaci guda. Wadda ta ba ni rezar daga wata ƙasa ta zo, ta haura hamsin, ta ce tata uwar tana can gida maƙwabta ke duba ta. Duk da haka na ga yadda take share masa baki. Na yi mata godiya.

Na zo da niyyar ɗauke shi, har na sayi tikiti biyu na dawowa. Kujerar kusa da ni babu kowa har na iso.

Wani abu kuma. Na lura kin daina hawa sama, kina kwana a ɗakin ɗinki kusa da keke, kuma da bango kike tafiya. Kin ɗauka ban gani ba. Don Allah ki ga likita.

Ɗanki, Auta

18 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarka. Babu komai tsakaninmu, ɗa ba ya laifi don ya ji zafin ubansa. Ka gaida matarka, ka ce ina yi mata sannu da jinya.

Yaya yana nan da rai, amma ya yi ƙasa. Ya daina tsayawa gaban allo. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan nasa biyu ya rasu a watan jiya, tun daga nan bai ƙara kiran suna ba. Yana cin abinci in an ba shi a baki. Jiya na riƙe hannunsa ya bar min shi, wannan ma wani abu ne.

Na bi maganarka na ga likitan da ke zuwa ranar Laraba. Ya ce ƙashin ƙugun ya tsage tun faɗuwar nan, ya haɗe a karkace, kuma zaman ni kaɗai ya kusa ƙarewa. Yanzu sau biyu a mako nake iya zuwa wurin Yaya, mai kanti ke kai ni a motarsa. Shi ma ya ce zai rufe kantin a sabuwar shekara, 'ya'yansa sun ce ya koma wurinsu.

Don haka na karɓo takardar shiga jerin masu jiran gado. Ni ce ta arba'in da huɗu. Na cike ko'ina, sai layin ƙarshe, inda aka ce a rubuta ɗan uwan da za a kira in wani abu ya faru. Ka san Allah bai ba ni haihuwa ba, mai gidana ya daɗe a ƙasa, ƙannena biyu sun riga ni. Kwana uku takardar tana kan keke ina kallonta.

Auta, zan iya rubuta sunanka? Ba kuɗi za su nema a wurinka ba, ba kuma za su ce ka ɗauke ni ba. Kira ne kawai, sau ɗaya. Na san kayan da ke kanka, kuma na san ni ba ta kusa ba ce. In ya yi maka nauyi ka faɗa min, wallahi ba zan riƙe ka a rai ba. Ma'aikaciyar ta ce da yawa suna barin layin babu kowa, kuma ana karɓa.

Gwaggonka

1 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, na gaida Baba ko da ba zai gane ba. Mu muna nan. Surukata ta daina magana, amma tana jin mu.

Ki rubuta sunana. Ki rubuta lambata, ki ƙara da ta matata a ƙasa saboda lokacin da nake tuƙi. Kada ki sake cewa ke ba ta kusa ba ce.

Hutun ƙarshen shekarar da nake sa rai an ɗaga shi. Abokin aikin nan nawa matarsa ba ta tashi ba, shi ma ya ajiye aiki. Sun ce wataƙila Maris. Ba zan yi miki alkawari ba, na gaji da yin wanda ba na cikawa.

Jiya da rana na bar takardarki a kan tebur, jikarki ta ɗauka ta karanta. Ban hana ta ba, shekararta sha shida. Da ta gama sai na ga tana lanƙwasa yatsu. Na ce me kike ƙirgawa? Ta ce, "Kaka tana ɗaki. Kakana yana can. Ga Gwaggo. Sannan kai, sannan Mama." Ta ɗaga hannun, yatsu biyar a dunƙule. Ta ce, "Baba, duk ni kaɗai za a riƙa kira?"

Uwarta ta ce ta tashi ta je ta juya kakarta, lokaci ya yi. Ta tashi ta tafi. Ni kuwa na ɗauki hulata na fita aiki.

Ki kula da ƙugun.

Ɗanki, Auta